Gwaiduwa, Sukari da Ƙanƙara: Fashin Baƙi kan Daskararren Kastad

Wanda ya taɓa shan daskararren kastad da askirim na yau da kullum a zama ɗaya ba ya bukatar dogon bayani, cokalin farko ya ishe shi. Askirim na narkewa nan take ya bar ruwa mai zaƙi a baki. Kastad kuwa yana da nauyi, yana kwanciya a harshe da santsi, ɗanɗanonsa yana jimawa bayan an haɗiye. A ido kusan abu ɗaya ne. Abin da ya raba su uku ne: gwaiduwar ƙwai, yawan iskar da aka bari ta shiga, da kuma irin sanyin da ake miƙa shi da shi.

Akwai ruɗanin suna da ya kamata a kawar tun da wuri. Garin kastad na gwangwani, wanda ake damawa da madara ko ruwan zafi, babu ƙwai a cikinsa. Sitacin masara ne da kala da ƙamshi. Wani mai haɗa magunguna a birnin Birmingham na Ingila, Alfred Bird, shi ya ƙirƙiro shi a 1837 saboda matarsa ba ta cin ƙwai, yana tayar mata da rashin lafiya. Kastad na asali, wanda garin ya zo yana kwaikwaya, madara ce da kirim da sukari da gwaiduwa, a dafa su a hankali har ƙwan ya kama su su yi kauri. Shi ne ake daskararwa. Idan aka dama gari aka sa a firiza za a samu wani abu mai sanyi da zaƙi, amma ba shi muke magana a kai ba.

A Amurka, inda abin ya yi suna ya kuma samu kasuwa, doka ce ta raba gardama. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta ce kafin a kira abu daskararren kastad sai man madara ya kai aƙalla kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, gwaiduwa kuma, bayan an cire lissafin ruwan da ke cikinta, ta kai kashi 1.4 cikin 100. Abin da bai kai haka a gwaiduwa ba askirim ne kawai. Adadin ƙarami ne idan aka mayar da shi ƙwai na gaske. Gwaiduwar babban ƙwai tana da nauyin giram 17 zuwa 18, kusan rabinta ruwa ne. Ke nan a kilo ɗaya na haɗi, gwaiduwa ɗaya da rabi ko ɗan sama da haka ta cika sharaɗin doka. Masu yi a gida sukan zuba biyar ko shida a kilo ɗayan, wato ninki uku ko fiye na abin da doka ta nema, shi ya sa na gida ya fi na shago rawaya da ƙamshin ƙwai.

Sa gwaiduwa a askirim tsohon abu ne a girkin Faransa, har dokar Amurkan ma ta yarda a kira irin wannan haɗi askirim na Faransa. Amma daskararren kastad a matsayin abin sayarwa mai sunan kansa ana danganta shi da wasu 'yan'uwa, Archie da Elton Kohr, masu sayar da askirim a bakin teku a Coney Island da ke New York, a 1919. Sun lura cewa gwaiduwa na ƙara santsi, tana kuma sa abin ya daɗe bai narke a hannun mai saye ba. Baje kolin duniya da aka yi a Shikago a 1933 ya kai shi tsakiyar ƙasar, daga nan ya samu gida a Milwaukee ta jihar Wisconsin, jihar shanu da madara. Shagunan Gilles, wanda aka buɗe a 1938, da Leon's na 1942, da Kopp's na 1950 duk a wannan yanki suke, har ana yi wa birnin kirari da hedikwatar daskararren kastad ta duniya.

Yanzu ga zuciyar maganar. Wajen kashi 60 cikin 100 na haɗin nan ruwa ne, ruwa kuwa idan ya ji sanyi burinsa ɗaya ne, ya zama ƙanƙara. Ba za a hana shi ba, kuma ba a so a hana shi gaba ɗaya, domin ƙanƙarar ce ke ba abin jiki. Abin da ake nema shi ne ƙwayoyin ƙanƙarar su zama ƙanana ƙwarai, waɗanda harshe ba zai ji su ba. Da zarar sun girma sai a ji ɓaras-ɓaras a baki kamar an tauna yashi. Duk wani abu da ke cikin tukunyar, daga sukari zuwa gwaiduwa, yana da aikin da yake yi a wannan kokawa da ruwa. Wanda ya gane haka ya gane rabin sana'ar, kuma zai gane abin da ya sa ƙara ɗanɗano ba wasa ba ne, kamar yadda za mu gani a gaba.

Madara ce ke kawo yawancin ruwan, tunda kusan kashi 87 cikin 100 nata ruwa ne, mai kuwa bai wuce uku da rabi ba. Saboda haka madara ita kaɗai ba za ta kai ga kashi 10 ɗin nan ba, dole sai da kirim mai kauri, wanda mansa ke kai kashi 36 ko fiye. Mai yana shiga tsakanin ƙwayoyin ƙanƙara ya hana su haɗuwa, yana riƙe kumfar iska, yana kuma ɗaukar ƙamshi ya sake shi a hankali cikin baki. Amma yana da iyaka. Idan ya yi yawa sai a ji wani maiƙo ya lulluɓe dasashi da saman baki, wani lokaci ma injin kaɗawa ya dunƙule shi ya zama 'yan gutsattsarin man shanu. Haɗin da ya fi yawo a littattafan girki shi ne kirim rabin lita, madara rubu'in lita, sukari giram 150, gwaiduwa shida, wanda mansa ke kusantar kashi 19. Ni a ganina ya yi nauyi. Na fi son kirim giram 400, madara giram 400, sukari giram 150, gwaiduwa biyar da ɗan gishiri, mai ya tsaya wajen kashi 15. Wasu kan ƙara cokali biyu ko uku na madarar gari domin ta shanye wani ɓangare na ruwan, kuma dabara ce mai kyau muddin ba a zarce ba, don sukarin da ke cikin madara ba ya narkewa da sauƙi, idan ya yi yawa yakan fito da nasa yashin bayan 'yan kwanaki.

Sukari ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ana ɗaukarsa abin zaƙi kawai, sai mai son rage zaƙi ya raba shi biyu, washegari ya tarar da dutse a firiza wanda cokali ba ya shiga. Sukarin da ya narke a ruwa yana saukar da matakin da ruwan ke daskarewa. Ruwa zalla yana daskarewa a digiri sifili, haɗin kastad kuwa ba ya farawa sai wajen digiri biyu da rabi ƙasa da sifili. Kuma yayin da wani ɓangare na ruwan ke zama ƙanƙara, wanda ya rage yana ƙara cika da sukari, daskarewarsa na ƙara wuya. Shi ya sa ko a cikin firiza akwai ragowar ruwa mai kauri da bai daskare ba, kuma shi ne ke sa a iya ɗiba da cokali. Kashi 14 zuwa 16 na nauyin haɗi shi ne inda aka fi tsayawa. Ƙasa da haka tauri, sama da haka abin ya ƙi kamawa ya zauna kamar kunu.

Sai gwaiduwa, uwar tafiyar. Kusan kashi ɗaya cikin uku nata mai ne, wajen kashi 16 cikin 100 furotin, kuma tana ɗauke da wani sinadari, lesitin, wanda gefensa ɗaya ke kama ruwa ɗayan ke kama mai. Abubuwa biyun da ba sa ga maciji da juna, shi ke zaunar da su wuri ɗaya. Furotin ɗin kuma idan ya ji zafi yana warwarewa ya saƙa wata 'yar raga mai laushi da ke riƙe ruwa, ruwan da aka riƙe kuwa ba ya samun sukunin taruwa ya gina babbar ƙanƙara. Daga nan kauri da santsi da jinkirin narkewa suke fitowa. Farin ƙwai ba ya cikin lissafi, kusan duk ruwa ne, yana saurin dahuwa, kuma shi ya fi kawo ƙarnin da ba a so. Kamfanoni kan ƙara wasu 'yan sinadarai masu riƙe ruwa, irin su ƙaron guar, wanda ake samu daga wani irin wake, da karajinan da ake samu daga jan ciyawar teku, domin kayansu su jure tafiya da ajiya. Wanda zai sha nasa a rana ɗaya ko biyu ba ya bukatarsu.

Wurin dahuwa ne ake cin nasara ko a yi asara, kuma tazarar da ke tsakani 'yar kaɗan ce. Ana ɗora madara da kirim da rabin sukari a wuta har su fara tururi, ba tafasa ba. A gefe a kaɗa gwaiduwa da sauran sukarin, kuma a kaɗa nan take, domin idan aka zuba sukari a kan gwaiduwa aka bar su zaune, sukarin na tsotse ruwanta ya bar wasu ƙulle-ƙulle masu tauri da ba sa narkewa. Sai a riƙa ɗibar madara mai zafi da ludayi ana tsiyayawa cikin ƙwan ana kaɗawa, ludayi ɗaya, biyu, uku, har ƙwan ya saba da zafin, sannan a juye duka a tukunya a mayar kan wuta kaɗan. Daga nan hannu ba ya tsayawa. Ana juyawa da cokalin katako ana goge gindin tukunya da kusurwoyinta. Da farko haɗin yana gudu kamar ruwa da kumfa a samansa. Can sai kumfar ta ɓace, cokali ya fara jin ɗan nauyi, tururi ya ƙaru. A ɗago cokalin a ja yatsa a bayansa: idan layin ya tsaya bai rufe ba, ya yi. A ma'aunin zafi wannan yana tsakanin digiri 77 da 82, wanda ya riga ya wuce digiri 71 da ake bukata don kashe ƙwayoyin cutar salmonela da kan zo a ɗanyen ƙwai. Idan aka haura 85, furotin ya ƙulle ya matse ruwansa.

Na taɓa ganin wannan da idona. Na bar tukunya na je ɗauko rariya da na manta ban ajiye kusa ba, abin da bai kai minti ɗaya ba. Da na dawo gefen tukunyar ya fara ɓulɓula, na ɗago cokali sai ga 'yan gudaji rawaya sun manne a jikinsa, ruwa tsararo na gudu a tsakaninsu. Na sauke na markaɗa a bilenda na tace, santsin ya dawo kusan duka, amma ƙamshin dafaffen ƙwai bai bar shi ba har aka shanye. Tun daga ranar, rariya da kwanon da ke zaune cikin ruwan ƙanƙara suna gefen murhu kafin in kunna wuta, domin tukunya na ci gaba da dafa abin da ke cikinta ko bayan an sauke ta.

Bayan an tace an huce, sai haƙuri. A rufe a sa a firji, a sanyin digiri 4, aƙalla awa huɗu, kwana ya fi. A wannan zaman man da ya narke a wuta yana sake kamawa, furotin na shan ruwa, ƙamshi na ratsa ko'ina. Kuma haɗin da ya shiga inji da sanyinsa yana daskarewa da sauri, saurin daskarewa kuwa shi ne sirrin ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara.

A wurin kaɗawa ne iska ke shiga. Masu sana'ar suna auna yadda haɗi ya kumbura: idan lita ɗaya ta shiga inji ta fito lita biyu, kumburin kashi 100 ne, wato rabin abin da ke cikin roba iska ce, kuma askirim mai araha yakan kai haka. Daskararren kastad yana tsayawa tsakanin kashi 15 da 30. Injinan shagunan kastad an gina su ne su daskarar da sauri ba tare da bugun iska mai yawa ba, kastad ɗin ya riƙa zubowa ta baki kamar kintinkiri mai kauri ya faɗa cikin bokitin ƙarfe, daga nan a ɗiba a miƙa wa mai saye cikin 'yan awanni. Ana ba da shi a wajen digiri 8 ƙasa da sifili, askirim mai tauri kuwa a wajen 12 ƙasa da sifili. Wannan ɗan bambanci na digiri huɗu yana da tasiri, domin harshen da bai ƙage da sanyi ba ya fi jin ɗanɗano. Wanda ba shi da injin lantarki yana iya bin tsohuwar hanya: gwangwanin haɗi a tsakiyar bokitin ƙanƙara da gishiri, ana juyawa da hannu, irin na'urar da Nancy Johnson ta yi wa rajista a Amurka a 1843. Gishiri na sa ƙanƙara ta narke tana jan zafi, sanyin ya sauka har kusan digiri 21 ƙasa da sifili. Sa kwano a firiza ana fitowa da shi duk rabin awa ana kaɗawa shi ma yana yi, sai dai santsinsa ba zai kai ba.

To, ɗanɗano. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka an gama gina kastad, saura a zuba abin da rai ke so. Alhali duk abin da aka zuba yana shigowa da nasa kayan: wani ruwa, wani sukari, wani mai, wani tsami. Ma'aunin da aka wahala aka daidaita sai ya karkata. Kafin in ƙara komai nakan tambayi kaina abin da ya zo da shi daga cikin waɗannan, da abin da zan rage don ba shi wuri. Abu na biyu, sanyi na dakushe zaƙi da ƙamshi. Haɗin da ya yi daidai a baki yana ruwa zai yi lami bayan ya daskare, don haka a ɗanɗana shi da sanyinsa daga firji, a bar shi ya ɗan fi ƙarfin abin da ake so. Ɗan gishiri kuma, kamar rubu'in ƙaramin cokali a kilo, yana fito da kusan kowane ɗanɗano.

Hanya mafi tsabta ita ce jiƙo, domin ba ta taɓa ma'auni ko kaɗan. A zuba abin ƙamshi cikin madara mai zafi, a rufe, a bar shi ya saki abin da ke cikinsa, a tace a zubar. Banila ce sarauniya a nan, kuma da ita ake gane shagon kirki, tunda ba ta da inda za ta ɓoye aibin madara ko ƙwai. 'Ya'yan wata fure ce da asalinta Meziko, yau Madagaska ce ta fi kowa nomanta. Tsadarta tana da dalili: a wajen ƙasarta ta asali da hannu ake yi wa kowace fure barbara, dabarar da wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, ya gano a tsibirin Reunion a 1841, sannan a shafe watanni ana shanya kwanson ana nannaɗe shi kafin ƙamshin ya fito. Ana tsaga kwanson a tsaye, a kankare baƙaƙen 'ya'yan da bayan wuƙa, a jefa su da kwanson cikin madara na rabin awa. Ruwan banila na kwalba kuwa a ƙarshe ake zuba shi, bayan haɗi ya huce, don zafi na kore ƙamshinsa. Ya kamata a sani cewa na gaske, bisa dokar Amurka, yana ɗauke da barasa aƙalla kashi 35 cikin 100. Wanda ba ya so yana da kwanson kansa, ko garinsa, ko irin wanda aka haɗa da gilisarin.

Kirfa ta itace, kanumfari ƙwaya biyu ko uku, 'ya'yan kofi da aka ɗan farfasa, busasshiyar kwakwa da aka gasa ta yi ja, duk ta jiƙo suke shiga, kuma dukansu suna zama lafiya da ƙwai. Ganyen shayi kada ya wuce 'yan mintoci, idan ya daɗe sai ɗaci da bauri. Ɗanyen na'ana'a a jefa shi bayan an sauke tukunya, tafasa na mayar da shi kamar dafaffen ganyen miya. Citta ɗanya tana da tarko. Akwai wani sinadari a cikinta da ke tsinka madara idan ta yi ɗumi, har a kudancin Sin da gangan ake amfani da shi a daskarar da madara a kwano. A yanka ta a tafasa a ruwa minti ɗaya ko biyu kafin ta shiga madara, zafin ya kashe sinadarin. Lemun tsami da lemun zaƙi kuwa ƙamshinsu a ɓawo yake. A goge saman ɓawon kawai, ban da farin da ke ƙasa mai ɗaci. Idan ana son ruwan lemun ma, sai haɗi ya yi sanyi sosai, a zuba daf da kaɗawa, in ba haka ba tsami da zafi su haɗu su tsinka komai.

'Ya'yan itace ne suka fi ba da wahala, kuma su aka fi sha'awa. Sitiroberi kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne. A yanka shi ɗanye a jefa a kastad, kowane yanki zai zama tsakuwar ƙanƙara mai sa haƙori tsami, babu ɗanɗano babu ƙamshi. Magani biyu ne. Ko a barbaɗe yankan da sukari a bar su awa biyu ko fiye har sukari ya ratsa su ya fitar da ruwa, ko a dafa su ko a gasa har ruwan ya ragu da rabi ɗanɗanon ya taru. Mangwaro da ayaba nunannu sun fi sauƙi, namansu na da kauri da sukari, a markaɗa a gauraya da haɗin da ya huce, a rage sukarin tukunya daidai da abin da suka kawo. Abarba da gwanda da kiwi ɗanyu kuwa suna ɗauke da sinadaran da ke farfasa furotin na madara, bayan 'yan awanni sai a ji wani ɗaci da ba a san daga inda ya fito ba. Dafa su kaɗai ke hana haka. A nan zan faɗi ra'ayina: gwaiduwa da mai suna danne ɗanɗanon 'ya'yan itace masu sanyin ƙamshi. Idan su ake son ji, a sauko da gwaiduwa zuwa uku a kilo, har yanzu an wuce sharaɗin kashi 1.4. Ko kuma a bar kastad ɗin a banilarsa, a zuba dafaffen ɗan itacen a kai lokacin sha. Sau da yawa wannan ya fi.

Cakulet matsalarsa akasin ta ruwa ce. Man koko da ke cikinsa sai wajen digiri 34 yake narkewa, a firiza kuwa ƙarfe ne. Kastad ɗin da aka narkar da cakulet mai yawa a ciki yakan fito da tauri, don haka a rage kirim, a rage gwaiduwa ɗaya ko biyu, a ɗan ƙara sukari saboda ɗacin. Hodar koko a dama ta cikin madara mai zafi ta ɗan dahu, garin ya daina jin kansa a harshe. Haɗa hoda da ɗan cakulet ya fi kowanne shi kaɗai. Gutsattsarin cakulet da ake jefawa a ciki su ma sukan zama kamar kakin kyandir a baki mai sanyi. Dabarar Italiyawa ta fi: a narkar da shi, da ɗan cokalin mai idan an so, a tsiyaya siriri cikin inji a minti na ƙarshe, ya daskare nan take ya farfashe ya zama 'yan ɓarɓashi masu narkewa da sun taɓa harshe.

Ƙonannen sukari, wato karamel, shi da gwaiduwa kamar an halicce su don juna. A narkar da sukarin haɗin a busasshiyar tukunya, wajen digiri 160 zai fara canza kala, a bi shi har ya yi ja mai duhu ya fara ɗan hayaƙi, sannan a zuba kirim mai ɗumi kaɗan-kaɗan, a ja da baya don yana tartsatsi da ƙarfi. Sukarin da ya ƙone zaƙinsa ya ragu, ɗan ɗacin nan kuma shi ake nema, gishiri na ƙara fito da shi. Irin wannan kastad ya fi sauran laushi a firiza. Zuma ma haka: ƙwayoyin sukarinta ƙanana ne, ƙarfinsu wajen hana daskarewa ya kusa ninka na farin sukari, don haka a musanya kashi ɗaya cikin uku ko rabi kawai. Wanda ya maye dukan sukari da zuma zai kwana yana jiran abin da ba zai kama ba.

Dangin gyaɗa ta hanya biyu suke shiga. Ko a niƙa su su zama tunkuza mai laushi a gauraya da haɗi, a rage kirim saboda man da suka kawo, ko a jefa su gutsi-gutsi a ƙarshe. A kowane hali a gasa su tukuna. Ɗanya ba ta da ƙamshi, kuma tana jiƙewa ta yi lagwada-lagwada. Pekan, wata ƙwayar itace mai kama da gyaɗa, da aka soya a man shanu da gishiri na cikin abin da aka fi nema a shagunan Milwaukee, kuma man da ya lulluɓe ta na taimaka mata ta riƙe ƙaras-ƙaras ɗinta. Duk abin da za a jefa, biskit ne ko gyaɗa ko yankan kek, a sanyaya shi tukuna, a zuba lokacin da inji ke gab da tsayawa. Miyar karamel ko ta 'ya'yan itace da ake so ta fito layi-layi ba a inji ake sa ta ba, don zai cakuɗe ta ta ɓace. A roba ake yi, shimfiɗar kastad, tsiyayen miya, wata shimfiɗar, kuma miyar ta kasance mai yawan sukari don kada ta zama ƙanƙara.

Shagunan Amurka sun samo wa kansu hanyoyi biyu na kauce wa yawan aiki. Da yake inji ɗaya haɗi ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, da yawansu banila da cakulet suke yi kullum, sai na uku mai canzawa, ɗanɗanon ranar, wanda ake rubutawa a allo a bakin titi. Kopp's ya yi suna da wannan, kamfanin Culver's da aka kafa a Wisconsin a 1984 kuma ya yaɗa al'adar zuwa jihohi da yawa. Hanya ta biyu ita ce ta shagon Ted Drewes a birnin St. Louis: a ɗebi kastad na banila a markaɗa shi da abin da mai saye ya zaɓa nan take, ya fito da kaurin da ake kife kofin da cokali a ciki bai zubo ba. Sunan da suka ba shi yana nufin kankare, irin na gini. Hikimar ita ce ɗan itace ko biskit bai zauna a sanyi ba balle ya ƙanƙare ko ya jiƙe, kuma mai yi a gida zai iya kwaikwayon wannan da haɗin banila guda ɗaya.

Abin da ya rage a roba yana bukatar kula. Firizar gida tana wajen digiri 18 ƙasa da sifili, ta fi abin da kastad ke so sanyi da digiri goma, don haka a sauko da shi firji minti goma sha biyar zuwa ashirin kafin a ɗiba. Duk lokacin da ya ɗan narke ya sake daskarewa, ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara na narkewa ruwansu ya koma jikin manya, manyan su ƙara girma, kuma ba sa komawa baya. A sa shi a roba mai faɗi marar zurfi, a manna leda ko takardar gasa kek a kan fuskarsa kafin murfi, a tura shi can ƙuryar firiza nesa da ƙofa, a shanye cikin kwana uku ko huɗu.